A Bar Ni In Buɗe Shi Kafin Litinin

Istifanus Irmiya,
Malamin Koyar da Fasaha,
Gidan Alhaji Ja'afaru, Bayan Tasha,
Ikara.

Laraba, 29 ga Oktoba, 1986.

Zuwa ga:
Maigirma Kantoman Riƙo,
Ƙaramar Hukumar Ikara,
Jihar Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE MINI KAYAN WASA GOMA SHA ƊAYA DA LITTAFIN MAKI, DA RUBUTA ƊAYA DAGA CIKINSU A MATSAYIN BINDIGA

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da addu'ar Allah ya ƙara wa Maigirma lafiya da basira a kan wannan aiki mai nauyi, ni mai suna a sama, ma'aikacin gwamnati na shekara tara da ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, ina neman izinin gabatar da kukana a kan Kwamitin Sa-ido na unguwarmu da shugabansa Malam Ya'u. Ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko hannuna ya ɓata su.

Kafin in jera ƙorafina dole in yi bayanin abin da aka ƙwace, ko da yake na san abin dariya ne ga magidanci mai shekara talatin da huɗu. Shekara biyu ke nan ina tara wani irin kayan wasa na ƙasar waje. Mutum-mutumi ne na ƙarfe da roba, tsawonsa bai wuce na cokali ba, wanda ake naɗe shi gaɓa bayan gaɓa har ya koma mota, ko jirgin sama, ko rediyo, sannan a sake buɗe shi ya miƙe da kai da hannu da ƙafa. Biyu na farko wani ɗan'uwana da ke aikin kuku a Kaduna ne ya ba ni, lokacin da maigidansa ɗan ƙasar waje zai koma gida. Sauran a kayan gwanjo na tsinto su a Kano. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu ba mu da abin da za mu nuna a aji, don haka da su nake koyar da yadda gaɓa take juyawa da yadda sifirin yake aiki.

Mu uku ne masu wannan sha'awa a duk ƙasar nan, iya sanina: ni, da Malam Lawal mai gyaran rediyo a Makarfi, da Markus malamin gona a Likoro. Muna da littafin rubutu guda ɗaya da direban bas yake kai mana daga wannan zuwa wancan. Duk wanda ya sami sabo sai ya rubuta ra'ayinsa a kai, ya ba shi maki bisa goma a fanni uku: ƙarfin gaɓa, sauƙin rikiɗa, da kama da abin da ya kwaikwaya. Ba ƙungiya ba ce. Ba mu da shugaba, ba mu da taro, kuma mun fi yin gardama a kan maki fiye da komai.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne tushen masifar. Da na fara tara su, a tsaye nake jera su a kan kanta. Wata rana mai gidan da nake haya, Alhaji Ja'afaru, dattijon da ya riƙe ni da matata Selina kamar 'ya'yansa, ya leƙo ya gan su. Bai yi faɗa ba. Ya kira ni gefe ya nuna mini cewa a addininsa ba a son ajiye siffar mutum a tsaye a cikin gida, ga shi kuma ɗakina bango ɗaya ne da inda yake sallar nafila. Ni Kirista ne, amma gidansa ne, kuma bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Muka daidaita cewa zan riƙa ajiye kowanne a naɗe, a siffarsa wadda ba ta mutum ba, sai in zan tafi da shi makaranta. Goma suna komawa abin hawa ko rediyo. Na goma sha ɗayan, ranka ya daɗe, ƙaramar bindiga yake komawa.

Ga ƙorafina:

1. Ranar Asabar 25 ga Oktoba, ranar tsabtace muhalli, da misalin ƙarfe tara na safe, Malam Ya'u da mutanensa huɗu suka shigo duba shara da kwata. Sun sami tsakar gida a share, kwata a wanke. Duk da haka suka shiga ɗakina suka sa aka buɗe adakata, wadda ban san alaƙarta da tsabta ba. Guda goma aka zuba su a buhu aka rubuta “tarkace.” Na goma sha ɗayan Malam Ya'u ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya hura usur, ya rubuta “ƙaramar bindiga ɗaya, fara.” An sa ni na sa hannu a ƙasan wannan rubutu ina durƙushe.

2. Nan take na yi bayani cewa abin wasa ne, kuma na roƙi a miƙo mini shi in buɗe shi a gaban kowa. Malam Ya'u ya amsa da cewa shi ba yaro ba ne da zai miƙa wa wanda ake zargi makami. Na ce to wani ya riƙe, ni in riƙa faɗin abin da zai yi. Ya ce ba a taɓa kayan shaida. Ke nan ba za a yarda abin wasa ba ne sai ya buɗe, ba kuma zai buɗe ba sai an yarda abin wasa ne. Da na sake magana aka sa ni tsallen kwaɗo daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, matata tana tsaye da tsintsiya a hannu. Wannan na yafe, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

3. An ɗauki littafin makinmu, aka buɗe shafi na ashirin da bakwai, aka karanta wa jama'ar da suka taru a ƙofar gida layi ɗaya tak. Ba na musu, rubutuna ne: na ba shi goma bisa goma a fannin kama, na kuma rubuta cewa daga nesa ba mai gane cewa ba ta gaske ba ce. Amma ba a karanta abin da ke ƙasa ba. A nan na ba shi uku a ƙarfin gaɓa, biyu a sauƙin rikiɗa. Na rubuta cewa in ya miƙe ƙafafunsa sirara ne kamar na zalɓe, ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ba ya tsayuwa sai an jingina shi da kwalbar tawada. A cikin duk goma sha ɗayan shi ne wanda na fi rainawa, har na taɓa yi wa Malam Lawal tayin musanya ya ƙi. Ina roƙon Maigirma ya karanta shafin gaba ɗayansa.

4. Maigirma ya san labarin fashin da aka yi wa wata motar haya a hanyar Makarfi a tsakiyar wannan wata. An ce direban ya ga ƙaramar bindiga fara a hannun ɗaya daga cikin ɓarayin. A ranar da lokacin ina makaranta ina gadin jarrabawa, kuma sunana yana cikin rajistar ma'aikata. Amma Malam Ya'u ya riga ya faɗa a tasha cewa ya kama makamin, kuma ba zai damƙa wa kowa a nan ba, shi da kansa zai kai Kaduna ranar Litinin 3 ga Nuwamba, tare da sunana, domin a san unguwarmu tana aiki. Waɗanda suka fi ni sanin doka sun gaya mini cewa a kotun musamman ta fashi da makami ba lallai sai bindiga tana harbi ba, ya isa a ce ta tsorata mutum.

Ranka ya daɗe, na taɓa ganin ƙarshen irin wannan shari'a da idona. Ina ɗalibi aka kwashe mu zuwa fili muka kalli yadda ake harbe 'yan fashi. Na ga turaku da durom-durom cike da yashi, na ga yadda ake zagaya igiya. Wani daga cikinsu yana ta magana har ƙarshe, ba wanda yake jin abin da yake cewa saboda hayaniyar 'yan kallo. Shekara goma sha biyu ban tuna da mutumin nan ba, amma tun Asabar shi nake gani. Ina jin tsoro, kuma ban ga amfanin ɓoye wa hukuma hakan ba. In mota ta rage gudu a ƙofar gida sai in tashi in leƙa ta taga. Selina ta daina zuwa injin niƙa, domin in ta iso sai matan su juya mata baya.

5. Wannan shi ne mafi gaggawa, ina roƙon a duba shi ko da ba a duba sauran ba. Jiya Talata na je ofishin kwamitin na sa hannu kamar yadda aka umarce ni. Na tarar da abin a kan tebur, da sukudireba a gefensa. Ashe Malam Ya'u yana ta ƙoƙarin ɓalle shi yana neman inda ake sa harsashi. Har ya kankare fentin gefe ɗaya, kuma na hangi tsaga a kusa da kunamar.

Wannan abu ba a buɗe shi da ƙarfi. Matakai goma sha huɗu ne, kuma dole a bi su a jere. Ana fara zare bututun gaba a ajiye. Sannan a tura mariƙin ƙasa har ya ce ƙas, a raba shi biyu, su ne ƙafafu. Sai a danna kunamar ciki kafin a juya ƙugu, ba bayan an juya ba. A ƙugun nan akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da bai kai kan ashana kauri ba, kuma dukkan jikin a kansa yake juyawa. Tun ina sayensa yake da rauni, shi ya sa na ba shi uku. In aka sa sukudireba aka danna ta wannan tsagar, tsinken zai karye a ciki, ƙugun ya cije, kuma ba maƙerin da zai sake buɗe shi. Daga ranar ya zama bindiga har abada. Ba ni da kwalinsa, ba ni da takardar da ke nuna hotonsa a tsaye, a gwanjo na saye shi tsirara. Shaidata guda ɗaya ce a duniya, tana cikin cikinsa a naɗe, kuma kullum ana zungurarta.

6. Saboda sunayensu suna cikin littafin, abokaina biyu sun shiga tashin hankali ba da laifinsu ba. Malam Lawal ya zuba nasa guda shida a masai, ya aiko direba ya gaya mini kada in ƙara aika masa da komai. Markus ya bar Likoro ya tafi garinsu ba tare da ya ɗauki hutu ba, ga shi lokacin girbi ne manoma suna nemansa. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma abin da zan yi ke nan. Shi wannan ban taɓa kai shi makaranta ba, don haka su kaɗai ne suka taɓa ganin abin a tsaye ban da mai gidana da matata.

Shi Alhaji Ja'afaru shi ya tsaya mini aka bar ni na kwana a gida. Da ƙafarsa mai ciwo ya taka har wurin Malam Ya'u sau biyu, ya shaida masa cewa shi ne ya sa aka naɗe abin, in da laifi nasa ne. Aka ce masa ya tsufa, an yaudare shi. Da safen nan ya kira ni, idonsa ya yi ja, ya ce in rubuta a takardar nan cewa ya ba da zaurensa, a zo a buɗe abin a tsayar da shi a kan buzunsa in ana so, shi zai nemi gafarar Ubangijinsa daga baya. Na rubuta kamar yadda ya ce.

Bisa ga haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Maigirma Kantoma:

Da farko, ya aika yau, ba gobe ba, a karɓe abin daga teburin Malam Ya'u, a sa shi a ambulan a liƙe, kada kowa ya ƙara taɓa shi.

Na biyu, a cire sunayen Malam Lawal da Markus daga wannan magana. Guda goman da ke cikin buhu na bar wa hukuma, a ba makaranta ko a ƙone su, ba zan tambaya ba.

Na uku, kafin ranar Litinin, a ba ni dama in buɗe shi da hannuna a gaban Maigirma, ko a gaban duk wanda ya wakilta. Na fahimci dalilin da ya sa ake tsoron miƙa mini shi. Saboda haka na yarda a tsayar da mai bindiga ta gaske a bayana, ya ɗora mini bakinta a ƙeya tun daga mataki na ɗaya. In na gama abin bai miƙe da ƙafa biyu ba, to ba sai an wahalar da mota zuwa Kaduna ba. A da minti uku yake ɗaukata. Ina roƙon a ba ni biyar, domin tsinken ba zai jure kuskure ba.

Ina jiran umarnin Maigirma a gida, ba zan je ko'ina ba. Allah ya ja zamaninka, ya sa wannan takarda ta iso teburinka a kan lokaci.

Ni ne mai biyayya ga hukuma a koyaushe,

(sa hannu)
Istifanus Irmiya