Garwashin da kika ɗebo wa murhun gas

Duk macen da takardar nan ta biyo ta hannunta kafin ta isa Rogo, ta karanta, da ita ma nake. Murhun gas in ya ƙi zafi, ba a ɗebo masa wuta.

Zuwa ga 'yata Binta. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun koma lafiya, ke da maigidanki da jikana Sadiƙu.

Direban motar Rogo ya ce ya kawo miki sabuwar tukunyar gas. Tun da na ji ban sami natsuwa ba.

Ki tuna wankan jegon da kika yi nan Karaye. Marka ta kwana uku, nafkin ɗin yaro sun ƙi bushewa. Kika jera su a akwatin gashi na murhun da mijinki ya saya miki, kika kunna, kika rufe ɗaki. Da kika dawo, a jiƙe suke, ƙarfen sanyi ƙalau.

Kika girgiza tukunyar, da saura. Kika tsokale ramukan wutar da tsinke. Makunnin kuwa a buɗe kika bar shi, kika tafi madafa ɗebo wuta, yadda muka saba in murhun itace ya mutu.

A bakin ƙofa na tare ki, kasko a hannunki, garwashi jajir. Warin gas ya riga ya fito ta ƙasan ƙyaure. Sadiƙu yana ciki a kan tabarma, kuma iskar nan ƙasa take kwanciya. Bai yi kuka ba da na ɗauko shi. Shirun nan har yau yana kunnena.

Da muka shafa wa tiyon gas ɗin ruwan sabulu, kumfa ta taso a inda ɓera ya ci. Taku uku ya rage miki ki shiga da wutar, Binta. Kika ce, "Inna, ai ba abin da ya faru." Wannan maganar ta fi garwashin ba ni tsoro.

Ba na fushi. Ke ma a kan tabarmar nan na raine ki. Allah Ya tsare min ku, Ya raya Sadiƙu.

Ga dokar da na kafa, nan da can: tukunyar gas a waje take kwana, a rufe. Kayan yaro a igiya, ko zai kwana bakwai. Wanda ya ji wari ya fara ɗauke yaro, ba ashana, ba kasko. In ba za ki iya ba, ki aiko min da Sadiƙu.

Mahaifiyarki,
Inna