Kwalbar da ke ƙarƙashin matashin Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ga kwalbar melatonin na ba direba ya kawo muku. A kantin maganin da nake aiki masu rashin barci ke sayensa, kuma na karanta cewa ana gwada haɗa shi da kimo, wato ƙarin ruwan da ake yi wa masu ciwon daji irin Inna, ko zai rage musu galabaita. Binciken bai kammala ba, don haka ki nuna wa likitanta tukuna. Ki kuma faɗa mata ƙarara cewa wannan ɗan rakiya ne kawai, ba zai maye gurbin ƙarin ruwan asibiti ba. Na san halinki in kina karanta mata wasiƙa, duk layin da zai ɓata mata rai sai ki tsallake shi. Ban da wannan karon.

Ki gaishe ta da kyau.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, likita ya ce ba laifi ta sha. Kai, ka ga barci! Matar da ta yi wata uku tana juyi a kan katifa, yanzu har minshari take yi, ko da yake ta rantse sharri nake mata. Kwalbar tana ƙarƙashin matashinta, ko ni ba ta yarda in taɓa. Kowa ya zo dubiya sai ta ce, “Maganin ɗana ne.” Amai ya tsaya, tana cin abinci, gashinta ma ya fara tsirowa.

Tana sa maka albarka.
Auta

Auta,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku. Kimon da ya zubar mata da gashi tas, saura zagaye huɗu ta gama shi. To yaya aka yi gashi ke tsirowa? Kuma ba ki ce komai game da asibiti ba. Me kike ɓoye mini?

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka, kunya kuma ta ishe ni. Na tsallake layin. Ranar da wasiƙarka ta zo ta wuni tana amai a bokiti, leɓɓanta duk sun tsage. Da na ce ka aiko da magani sai ta yi murmushi, ni kuwa na kasa karanta sauran.

Da ranar kimo ta zagayo na fito mata da mayafi, ta ce, “Auta, wancan yana kashe ni, na ɗana yana raya ni. Wanne kike so in bi?” Na ce mata ai tare ake shan su. Ta ce, “Da haka ne da ya rubuta.” Ban iya cewa ka rubuta ba. Gaskiya ni ma na so in yarda, ganin ta zauna a tsakar gida tana tsefe wa jikarta kai. Sati tara muka yi a haka, ba mu je kimo ba.

Jiya cikinta ya kumbura muka koma asibiti, aka yi mata hoto. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce ciwon ya kai hanta, kuma ba zai iya rantsewa cewa da ta ci gaba da zuwa da hakan bai faru ba. Ban san ko tausayina ya ji ba.

Na karanta mata wasiƙarka ta farko gaba ɗaya, har layin. Da na gama, sai ta ce in gyara mata matashi. Ka yafe mini.

Auta

Yaya,

Gaisuwa. Na ji shiru, ban kuma ga laifinka ba. Inna ta ce in rubuta maka cewa maganinka yana aiki, tana barci lafiya, kada ka sa komai a ranka. Na rubuta yadda ta faɗa, ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ka taho cikin satin nan. Kada ka sayo wata kwalbar. Na ƙirga, saura ƙwaya ashirin, likita ya ce za su isa.

Ƙanwarka,
Auta