Shafi Biyu Da Hannuna

9 ga Afrilu

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Ba zumunci ya sa na ɗauki biro ba. Shekara goma sha ɗaya ina haɗiye wata magana, yau ta ƙi wucewa.

Kin tuna ranar da muka kai ɗana Dogo asibitin masu taɓin hankali aka ce babu gado? Ke ce ma'aikaciyar jinya, ke kika san kan gidan. Kika ja ni bayan ƙofa kika ce, "Yaya, ba sa kwantar da mai shiru. Ka rubuta cewa yana duka." Na rubuta, na sa hannu, suka karɓe shi. Mutumin da ko yankan kaza ba ya iya kallo.

To, ranar Litinin da safe an soke mai shagon taya na layinmu, ya mutu. Kafin azahar 'yan layi sun gama shari'a. Wa ke magana shi kaɗai? Wa ke riƙe da wuƙa? Dogo na kan bencinsa yana ɗinke takalmin wata mata, aka kwashe shi da basillarsa da wuƙar yankan fata. Matar ta bi mota tana ihu a ba ta takalminta. Shekara tara yana shan maganinsa bai yi fashi ba, wannan babu wanda ya tambaya.

Jiya ɗan sanda ya buɗe fayil ya nuna mini takardar nan da na rubuta wa asibiti. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane cewa magana zarar bunu ce.

Ki zo ki gaya musu ƙarya ce, ke kika kitsa ta.

Ki huta lafiya.
Yayanki

17 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina yi maka jaje. Tun da na karanta wasiƙarka abinci bai shiga cikina ba. Zan zo ranar Asabar da maganinsa, ko za su bari a miƙa masa.

Laifina na ɗauka. Amma Yaya, tsakani da Allah, "duka" na ce. Wuƙa kai ka ƙara. Na ce layi biyu ya isa, ka cika shafi biyu, har da yadda marigayiya innarsa ta ɓuya bayan ƙofar kicin. Likita ya ce bai taɓa ganin rahoto mai tsari irinsa ba, kai kuwa ka yi murmushi. Na gan ka.

Shekara ashirin na yi a ɗakin masu taɓin hankalin nan. Waɗanda aka kawo mana da sawun igiya da bulala sun ninka waɗanda suka taɓa ɗaga wa wani hannu. Zan faɗi haka a gaban alƙali. Amma hannun da ke kan takardar naka ne, kai za ka ƙaryata ta.

Allah ya fid da shi.
Ƙanwarka ta har kullum, ko kana so ko ba ka so

2 ga Satumba

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. An sake shi. Surukin mamacin ne ya yi kisan, mai cikakken hankali, wanda ya fara nuna Dogo da yatsa.

Sai dai kafin nan an karanta takardar a kotu, yana tsaye yana ji. Watannin ciwon nan ba ya tuna komai a cikinsu. A hanyar gida ya ce, "Baba, ashe na ɗaga wa Inna wuƙa?" Na rantse masa ni na ƙirƙira. Ya dube ni ya ce, "Rubutunka ne. Kai ba ka ƙarya, Baba. Lallashina kake yi."

Ki gaida mutanen gida.

Dogo ya bayar da wuƙar da basillar. Yanzu a ɗaki yake wuni, hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Bencin, wani ne ke zama a kai.

Yayanki