Sifikokin marigayi abokina da rantsuwar da ɗansa ke nema

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni da na saba ba wasu, yau abin ya zo kaina.

Ni dattijo ne, aikin tafinta na yi, shi ya kai ni Alƙahira da Istanbul da Jamus, daga baya na zauna a nan Doha, a Madinat Khalifa. Ba ni da wani abin shaƙatawa sai ɗaya, in zauna bayan la'asar da shayina in saurari kiɗa, garaya da gurmi na gida, da udun Larabawa. Tsofaffin sifikokina sun mutu, sababbi masu kyau kuwa sun fi ƙarfina, don haka na daɗe ina neman na hannu. Na je unguwar Al Gharrafa wajen wani Bature da zai koma gida, ashe a sito ya ajiye nasa babu esi mai sanyaya ɗaki, zafin garin nan ya busar da robar da ke zagaye da bakinsu, duk ta tsattsage. Na ga wasu ƙirar Jamus, lafiyarsu lau, amma sautinsu kaifi gare shi, kafin faifai ya ƙare kunne ya gaji. Gaskiyar magana, duk wadda na ji da ta abokina nake gwada ta, sai in ga ba ta kai ba.

Abokin nan nawa mutumin Zangon Kumasi ne, bari in kira shi Alhaji Sumaila. Nasa ƙirar Ingila ne, na katako, tsayinsu ya kai ƙugu. Idan ka rufe ido sai ka rantse mai garayar yana zaune tsakiyar falon, har jan numfashinsa kana ji. Shekaru muka yi muna zama gabansu duk Juma'a, yana tsokanata wai mu 'yan Najeriya kunnen rediyo gare mu, ni kuma in ce masa Hausarsa ta sha ruwan Tuwi, yaren mutanen Kumasi. A watan jiya Allah Ya yi masa rasuwa.

Iyalinsa za su koma gida, tunda zamansu a kan takardarsa yake. Matarsa, Hajiya, ta kira ni ta ce in ɗauki sifikokin in biya abin da na ga sun kai a sa cikin gado, ta san ni zan kula da su. Na yi murna, ban ɓoye ba. Sai babban ɗansu, wanda a hannuna ya girma kuma Baba yake ce mini, ya ce bai yarda ba. Cikin ladabi ya faɗa, kansa a ƙasa. Ya ce shi a fahimtarsa kiɗa haramun ne, kuma duk faifan da aka sa a kayan nan zunubin zai riƙa bin mahaifinsa har kabari. Ya ce masallacin unguwarsu a Kumasi zai kai su, su zama sadaka mai gudana.

Na yi masa bayani cewa waɗannan ba lasifikar masallaci ba ce, na ɗaki ne, idan ladan ya ɗaga murya a cikinsu ba za su yi mako ba sun ƙone. Ya ce gara su ƙone da kiran salla da su daɗe da kiɗa. Na ce to in saya, a ɗauki kuɗin a sayo wa masallacin lasifika ta gaske, wadda za ta fi amfani. Ya ce ai duk da haka kayan babansa ne za su ci gaba da kiɗa a gidana. Raina ya ɓaci, na ce masa na yi salla a bayan malamai a Masar da Turkiyya waɗanda suka fi ni da shi karatu, kuma da kunnena na ji udu a gidajensu, magana ce da malamai suka saɓa a kanta tun da can. Bai musa ba. Ya ce Baba, su da ransu suke, za su iya tuba, shi kuwa babana an rufe littafinsa. 

Jiya ya dawo da wata magana. Ya ce ya tuntuɓi ƙannensa, sun yarda in ɗauka kyauta, amma in rantse masa ba abin da zai fita daga cikinsu sai karatun Alƙur'ani da wa'azi. Hajiya ta ja ni gefe ta ce in amsa masa kawai, khalas, shi ke nan, yaro ne, jirgi zai hau, wa zai zo ya leƙa falona? Na san don ƙauna ta faɗa, amma ni ban taɓa rantsuwar da na san zan karya ba, kuma ba zan fara da maraya ba. Idan kuma na rantse na cika, to zan zauna da sifikokin da na fi so a duniya ina kallonsu, garayar da na neme su dominta ba za ta shiga ba. Idan na haƙura na sayi na Jamus ɗin, na Sumaila za su tafi su ƙone, ina sane.

Abin da ya fi damuna, maganar yaron ta shige ni. A kan kaina na daɗe da zaɓar fahimtar da nake bi, kuma na shirya amsa tambaya a kanta. Amma ban taɓa zaɓar wa mamaci ba. Idan yaron ne ke da gaskiya, ni da nake cewa ina son abokina ni ne zan riƙa ƙara masa nauyi duk la'asar.

Masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida, za su zo kwashe kayansu kafin ƙarshen mako, yaron yana jiran amsata. Malaman cikinku, da gaske abin da na saurara zai iya bin wanda ya riga ya tafi? Sauran 'yan uwa kuma, in rantse in karɓa in haƙura da kiɗan a cikinsu, ko in cire hannuna in bar ɗa ya yi wa ubansa abin da yake ganin shi ne gata?