A Buɗe Mini Katina Kafin Arba'in

Zuwa ga Babban Likitan asibitin Birnin Kudu, inda na haihu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi. Ni mai jego ce daga Fagam. Yau kwanana goma sha biyu da haihuwa, ina gidanmu ina wanka.

Na farko. A ƙwadagon cirar gyaɗa na fara shan tiramol, don bayana ya bar ni in yi aiki. Shekara huɗu ina yawo kamar a cikin ruwa, shanunmu na kuka a tsakar gida ina jin su can nesa. Da na samu ciki na so in daina rana ɗaya. Malamar awo ta hana ni, ta ce jijjigar da jiki ke yi in an daina farat ɗaya za ta iya taɓa cikin, aka ɗora ni a kan ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe. A sati na biyu na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan sama, na tsaya a bakin hanya ina hawaye. Wannan alherinku ne, ban manta ba.

Na biyu. A katin awo aka rubuta maganin. Ranar sallama aka karɓe katin, aka ba ni na sati biyu, wai sauran sai na zo da ƙafata an buɗe sabo. Likita, ina aka taɓa ganin mai jego a motar Birnin Kudu kafin arba'in? Inna ta rantse ko zaure ba zan leƙa ba, kada sanyi ya shige ni. Maigidana ya je jiya, aka ce ba a ba miji.

Na uku. Da safe in Inna ta fyaɗa mini ruwan zafi da ganyen darbejiya, tururi ya lulluɓe ni, sai in ga yarinyar da na haifa (ta fari ce, ba zan kama sunanta ba) ta girma, ƙwaryar nono a kanta, tana kirana daga bakin rafi, ni kuma ina amsawa. Abin da nake so ke nan, in riƙa amsawa. Amma mai teburin maganin da nake sayen tiramol a wurinsa yana nan bayan gidanmu, kuma ƙafata ta san hanya. Tsoro nake ji.

Roƙona, a turo ma'aikaciya ta same ni a ɗaki, ko a yarda a ba ni a asibitin Gwaram da ke kusa da mu, in lallashi Inna ta raka ni. Kuma a daina rufe katin irina ranar haihuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya naka 'ya'yan. Ƙwaya biyu suka rage a haɓar zanena.

Wassalam.
Wata mai jego, Fagam.