Takalman Ƙarfe a Saman Likitan Kunne

Toledo,
9 ga Maris, 1993.

Zuwa ga Yaya Bernice,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Walt. Yaya bayan nasa? Ki ce masa in bai daina kwashe ƙanƙarar ƙofar gida da kansa ba, zan zo in ɓoye shebur ɗin.

Kin tuna Odessa Whitlow, wadda muke zama benci ɗaya a coci, mai koya wa yara rawar buga ƙafa da takalman nan masu ƙarfe a ƙasa? Shekara talatin tana koyarwa a ɗakin ajiyar kujeru na cocin. Yanzu ta ce ta gaji da zaman aro, makarantarta take so, da sunanta a jikin ƙofa. Ta sayar da gidanta, ni ce ma na sayar mata, ta koma wurin ƙanenta kafin abin ya kafu. Sai ta ce in nemo mata wurin haya.

Na gaya mata gaskiya, shekara goma sha tara ina dillancin gidajen zama, ban taɓa ƙulla hayar wurin sana'a ba. Dariya ta yi, ta ce, "Ke Lorna, ɗaki ai ɗaki ne. Kuma ke kika san ni."

Na samo mata saman wani bene. Ranar Lahadi bayan coci na kai ta, yadda nake kai kowa. Tagogi shida, rana tana shigowa har tsakiyar ɗaki. Na buɗe famfo, na duba rufi, sannan na tsaya na kasa kunne yadda na saba. Ba kare, ba jirgin ƙasa, ba maƙwabci mai rediyo. Odessa ta ɗan buga ƙafa sau biyu, idonta ya ciko da hawaye.

Gil Haverty, dattijon da ke riƙe da shaguna a ofishinmu, ya ce in kawo takardar yarjejeniyar ya duba min, wai shafi arba'in da ɗaya ba abin wasa ba ne. Da bai haɗa da kirana Sarauniyar Labule ba, wai don gidajen zama kawai na sani, da wataƙila na kai masa. Na ce masa ni ma na yi makaranta. Ranar Juma'a ta sa hannu, shekara biyar.

Ki taya ni murna. Ki gai da Walt.

Taki ƙanwa,
Lorna.

Toledo,
18 ga Mayu, 1993.

Yaya Bernice,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Na ga takardarki da hoton jikarki, Allah ya raya ta. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ban san ta inda zan fara ba ne.

Odessa ta shimfiɗa daɓen katako sabo, ta jera madubai a bango. Ranar Litinin da ta wuce aka buɗe, ƙarfe huɗu, bayan an tashi daga makaranta. Yara ashirin da biyu, ni ma na je da kek a hannu. Ba a yi minti goma da fara rawa ba sai ga wani mutum cikin farar riga ya hayo a guje. Ya ce sunansa Dokta Feldkamp, shi ne a ƙasa. Yaya, likitan kunne ne. Aikinsa shi ne ya saka mutum a wani ƙaramin ɗaki, ya sa masa sauti siriri kamar kukan sauro, ya ga ko zai ji. Ya ce yana da tsohuwa a ciki yanzu haka, ta ɗauka benen ne yake rushewa.

Na ga allon asibitinsa ranar da muka zo. Na gani da idona. Abin da na raya a raina kawai shi ne, madalla, maƙwabci mai shiru. Shekara goma sha tara ina sauraron ko maƙwabta za su dami wanda na kawo. Bai taɓa faɗo min a rai cewa wanda na kawo shi zai zama abin damun ba. Ranar Lahadi kuma asibitinsa a kulle yake.

Washegari na buɗe takardar. Sharaɗi na goma sha bakwai ya ce mai haya ba zai yi ƙarar da za ta hana sauran masu haya aikinsu ba. In an gargaɗe shi sau biyu bai daina ba, mai bene zai karɓi makullinsa, duk abin da aka kafa a jikin gini kuma ya zama na gini. Na karanta wurin a watan Maris, Yaya. Na wuce shi ne yadda nake wuce shi a hayar gida, inda ba ya nufin komai sai kada a yi biki ya dami mutane.

Na haɗiye girman kaina na kai wa Gil. Na so a ce ya yi min ba'a, da na samu wanda zan yi wa fushi. Sai ya cire tabarau ya ce, "Lorna, ranar Talata ake duba wurin sana'a, ba ranar Lahadi ba."

Abinci ba ya shiga. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Lorna.

Toledo,
2 ga Yuli, 1993.

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ji abin da kika ce, cewa Odessa ma babba ce, da hannunta ta sa hannu. Don kina sona kika faɗa, amma kada ki sake rubuta min haka. Ba ta karanta ko layi ɗaya ba, fuskata ta kalla ta ɗauki biro.

Babu abin da ba mu gwada ba. Mun shimfiɗa roba a kan katakon, ƙarar tana sauka ƙasa duk da haka, kuma rawar ta mutu. Mun ce a koma da yamma lis, ashe likitan sai ƙarfe shida yake tashi, har ranar Asabar, benen kuma ƙarfe bakwai ake kulle shi, wannan ma yana cikin takardar. Na je wurin likitan da kaina, na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Ba mugu ba ne, shi ya fi ƙona min rai. Ya ba ni kujera, ya ce shekara goma sha ɗaya yana wurin, ina zai kai marasa lafiyarsa?

Gargaɗi na farko ya zo a watan jiya. Tun daga nan Odessa take koyarwa da safa. Ki yi tunani, rawar da sautin ƙafa shi ne ita, ana yin ta da safa. Na leƙa jiya, yara bakwai suka rage, suna ta sulɓi, ita kuma tana yi musu ƙarar takalmin da bakinta. Na sauko ban bari ta gan ni ba.

Na daina zuwa coci. Ba zan iya zama kusa da ita a bencin nan ba, ba zan iya sauya benci ba kuma.

Lorna.

Toledo,
30 ga Agusta, 1993.

Zuwa ga Yaya Bernice,

Ina gaisuwa, da fatan jikin Walt da sauƙi. Na gode da kika ce in zo in huta a wurinku, amma ba yanzu ba.

An gama. Ranar sha huɗu ga wata Odessa ta ce wa yara biyar ɗin da suka rage su zo da takalmansu. Ta san abin da zai biyo baya. An ce sun yi awa guda cur suna dukan katakon nan, har likitan ya sallami mutanensa ya fito bakin titi ya tsaya. Gargaɗi na biyu ya zo, lauyan mai bene ya karɓi makulli. Daɓen da madubai suna can. Cocin kuma ya riga ya ba masu rabon abinci tsohon ɗakinta.

Na shirya wa zaginta. Har kalmomin da za ta faɗa na tsara mata a raina, na yarda da kowace ɗaya.

Yau da safe ta shigo ofis, ta zauna a gaban teburina da jaka a cinya. Ta rame, Yaya. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu. Ta ce matar ƙanenta ta fara tsaki, ba za ta jira a kore ta ba. Ɗaki ɗaya take so da ɗan wurin girki, na haya, a ƙasa saboda gwiwoyinta. Na ce akwai dillalai da yawa a garin nan, ko wa ta samu ya fi ni.

Ta ce, "To wa na sani in ba ke ba? Shekarata sittin da ɗaya, yanzu zan fara neman sabuwar ƙawa? Ɗauko makullanki."

Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito. Gidaje uku ne da ni da za ta iya kamawa, ba ko ɗaya da ya kai falon gidan da na sayar mata. Gobe zan kai ta ta zaɓa.

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Lorna Petrak.