Shafin Ƙarshe na Littafin Auta

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, aikin da ya kai ka nesa kuma yana tafiya daidai. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mana kai. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa, ka san alamar warkewarta ke nan. Matarka na nan tana ta fama.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro, kuma wallahi raina babu daɗi. Ka tuna ɗan littafin da malamarsu ta haɗa mata saboda lalurarta ta otizim da ke hana ta jure hayaniya da sauyin abin da ta saba, mai hotunanta a kowane shafi? Ga ta tana toshe kunne idan an kaɗa ƙararrawa, ga ta tana ɗaga hannu maimakon ihu. Kai ma har dariya ka yi, ka ce takarda ce za ta hana ta buga tebur? To ta hana. Yarinyar da ake kiranmu kullum mu zo mu ɗauke ta, sai ga ta zaune a aji har a tashi.

Shafin ƙarshe kuwa hotonka ne a bakin ƙofar makaranta, an rubuta cewa idan an tashi Baba yana jiranta. Da za ka tafi ka ce kada a faɗa mata, za ta manta. Haba ƙanena, Auta ce za ta manta? Yarinyar da in ka matsar da kofinta daga inda ta ajiye sai gida ya ɗauka? Ni nake zuwa ɗaukarta yanzu. Sai ta buɗe shafin, ta dubi hoton, ta dube ni, ta dubi titi. Abin yana ci mini rai.

Tun daga nan ta daina yarda da sauran shafukan. Ihu ya dawo, buga tebur ya dawo, ta watsar da fensiran abokan zamanta. Shugaban makaranta ya kira mu, ya ce iyaye na ƙorafi, in ba a samu sauyi kafin ƙarshen zango ba sai dai mu nema mata wani wuri. Wane wuri? Ka san yawon da muka sha kafin a karɓe ta a nan.

Malama ta ce a ganin Auta, in shafi ɗaya ya zama ƙarya, littafin duka ya tashi aiki. Ta ce da an sanar da ita tafiyarka, da ta shirya Auta da wani sabon shafi tun kana gida. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, abu mai sauƙi haka muka bari ya wuce mu.

Yanzu tana son ta gyara shafin. Ka aiko da hotonka a inda kake, da magana ɗaya wadda za ka iya cikawa. In kiran waya ne duk ranar da ta dawo daga makaranta, to. Amma don Allah kada ka rubuta mata “ina nan tafe” irin yadda kake ce mana. Mu mun san abin da kake nufi, ita kuwa bakin ƙofa za ta tsaya.

Inna da Kawu suna gaishe ka, matarka ma haka. Ka gaida mai masaukinka. Malama ta riga ta liƙa farar takarda a shafin, kai kaɗai muke jira.

Taka yaya,
Goggon Auta